TSOHUWAR AKORI-KURA MAI SHAN GAS: ME YA SA TAKE DAƊEWA?

A zangon karatu na biyu, muna cikin darasin kimiyya da 'yan aji biyar, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina da tambaya, amma ba ta cikin littafi." Muka ce ta yi. Ta ce babanta ya sayar da riɗin da ya noma da bijimai biyu, ya haɗa kuɗin, yana so ya sayi akori-kura don jigilar kaya a kasuwannin mako. An nuna masa guda biyu a Kano. Ɗaya mai shan fetur ce, jikinta fes. Ɗayar kuwa mai shan gas ce, ta girme ta da shekaru da yawa, fentinta ya koɗe, amma kuɗinsu kusan ɗaya ne. "Malam, yaya tsohuwa za ta yi kuɗin sabuwa?"

Ba mu gama amsa mata a ran nan ba, gama an kaɗa ƙararrawa. Muka ga ya kamata mu kawo amsar a nan, domin ba gidansu kaɗai tambayar ta shafa ba. Iyaye da yawa sukan zuba gumin shekara biyar ko goma cikin mota guda, kuma daga cikin abin da motar ta samo ake biyan kuɗin makaranta. In an yi kuskure wajen saye, yaro ne zai zauna a gida.

Kafin mu ci gaba, gas da muke nufi a nan shi ne man dizal, kamar yadda direbobi suke kiransa a tasha, ba iskar da ake girki da ita ba.

Sunan dizal ya samo asali daga wani injiniya Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda aka haifa a birnin Paris a 1858. Ya yi rajistar ƙirarsa a 1893, injinsa kuma ya fara aiki yadda ya kamata a garin Augsburg a 1897. Abin da zai ba ɗan ƙasar Hausa sha'awa shi ne, a wani babban baje koli da aka yi a Paris a 1900, an tayar da irin wannan inji da man gyaɗa, ya kuwa yi aiki.

Bambancinsa da injin fetur yana wajen kunna wuta. Injin fetur yakan gauraya mai da iska, ya matsa su kaɗan, sa'an nan fulogi ya ƙyasta musu wuta. Injin gas ba shi da irin wannan fulogi. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta ƙwarai, har ta koma kashi ɗaya cikin goma sha shida ko ashirin na girmanta, alhali tsohon injin fetur bai cika wuce ɗaya cikin tara ko goma ba. Duk wanda ya taɓa yi wa keke iska ya san famfo yakan yi zafi a hannu. Haka abin yake a nan, sai dai zafin yakan haura digiri 500. A daidai lokacin nan nozul zai fesa gas cikin iskar, sai ya kama da kansa.

Daga wannan matsi duk sauran labarin ya fito. Injin da zai jure irin wannan matsi dubban lokuta a cikin minti guda dole a ƙera shi da ƙarfe mai kauri: gangar jikinsa, da fistin, da ƙarfen da fistin yake murɗawa, duka sun fi na injin fetur nauyi. Shi ya sa yake da tsada tun daga masana'anta, shi ya sa kuma yake da ƙara kamar ana daka. Ban da haka ba ya gudu da yawa. Injin gas na akori-kura yakan yi yawancin aikinsa yana juyi dubu biyu zuwa uku a minti, na fetur kuwa sai ya kai dubu huɗu ko fiye kafin ƙarfinsa ya cika. Abin da yake gogayya a hankali ba ya saurin cinyewa. Shi kansa man gas yana da maiƙo, yana shafa famfo da nozul yayin da yake wucewa, fetur kuwa wanke maiƙo yake yi, abin da ya sa bakanike yake wanke hannu da shi. A tsofaffin injuna kuma babu wayoyin wuta masu yawa da za su lalace. In dai batir ya tayar da shi, shi ke nan. Waɗannan dalilai ne suka sa injin gas da aka kula da shi yake iya cin kilomita dubu ɗari biyar, wani ma fiye, kafin a sauke shi a yi masa babban gyara.

Sai batun jan kaya, inda mutane suka fi rikicewa. Akwai ƙarfin gudu, akwai ƙarfin murɗawa. Ku tuna da bakanike sa'ad da noti ya ƙi kwancewa: yakan zura dogon bututu a kan sifana, ya danna a hankali, notin ya saki. Bai ƙara sauri ba, murɗawa ya ƙara. Doki ya fi sa gudu, amma ba wanda yake ɗaura wa doki amalanken taki a cikin yashi. Motar da za ta tashi da kaya daga tsaye, ko ta hau tudu, ko ta fita daga rairayi, murɗawa take bukata, kuma tana bukatarta tun inji bai ɗau gudu ba. Ga misali daga Toyota Hilux, wadda kowa ya sani a Dutse. Injinta na fetur mai lita 2.7 yana ba da murɗawa kimanin Newton-mita 245, sai ya kai juyi 4,000. Injinta na gas mai lita 2.8, ƙirar 2020, yana kaiwa 500 tun daga juyi 1,600. Ninki biyu ke nan, a ƙasa da rabin gudun.

Amma fa a nan sai mu yi wa tsofaffin motoci adalci, kada mu ƙara musu gishiri. Wannan babban adadi na sababbin injuna ne masu tabo, watau na'urar da take cusa ƙarin iska cikin inji. Tsohon injin gas na Hilux mai lita 3.0 da ake kira 5L bai kai Newton-mita 200 ba. Na Land Cruiser mai lita 4.2 da silinda shida, wanda ake kira 1HZ, da aka fara yi a 1990, yana wajen 285. Waɗannan ba jarumawan gudu ba ne ko kaɗan, ƙaramar mota takan wuce su a hanyar Kano kamar suna tsaye. Darajarsu ita ce ɗan ƙarfin da suke da shi yana nan tun daga ƙasa, ba sa gajiya, kuma bakaniken da ya san aikinsa yana iya gyara su a gindin bishiya.

Mu da muke yara sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, akori-kurar da muka buɗe ido muka gani ita ce Fijo, 404 da 504. Kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma yawancin waɗanda suka cika hanyoyinmu fetur suke sha. Su ne suka kwaso katako da kwano da siminti zuwa Dutse lokacin da ma'aikata suka taso daga Kano ana neman wurin zama. Gas a zamanin nan abincin manya ne: Marsandi 911, da tifa, da tarakta, da injin niƙa. Motocin Japan masu giyar ƙafa huɗu sun shigo ƙauyuka ne ta hannun malaman gona da ma'aikatan rigakafi da masu haƙa rijiyoyin burtsatse, waɗanda aikinsu yake kai su inda kwalta ta ƙare. An fara ƙera Hilux a 1968, mai jan ƙafa huɗu kuma ta fito a 1979. Sunan waɗannan motoci ya ƙara fitowa a 1987, sa'ad da sojojin Chadi suka yi amfani da ɗaruruwan akori-kurar Toyota suka kori sojojin Libiya masu tankokin yaƙi daga arewacin ƙasarsu, har aka riƙa kiran wannan faɗa Yaƙin Toyota. Ba yaƙin muke yabo ba. Abin lura shi ne motar da ta ratsa Sahara ba za ta ji tsoron jigayin Jahun ba.

Ƙasarmu kuwa sunanta ya bayyana ta. Da zarar an sauka daga kwalta a wajen Kiyawa ko Jahun ko Miga, sai rairayi da rani, sai taɓo da damina, musamman a fadamu. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san yadda hanyoyi suka yanke, ƙananan motoci suka zama ba su da amfani. Sai dai muna da wata sa'a guda: iskarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cin ƙarfe a nan kamar yadda take yi a Legas ko Fatakwal. Shi ya sa shasin mota yake iya shekara talatin a wurinmu. Abokan gabanmu su ne ƙura da zafi da lodi.

A Amurka, inda aka fi yin maganar irin waɗannan motoci, manomi yakan ɗaura wa akori-kurarsa tirela cike da shanu ko ciyawa. Tun 1989 da kamfanin Dodge ya sa injin Cummins mai lita 5.9 a motarsa, irin waɗannan suka yi suna, har yau kuma tsofaffinsu suna da kasuwa. Mu a nan ba mu cika ja ba, ɗorawa muke yi. Wanda ya tsaya a kasuwar Shuwarin ran Litinin, ko Maigatari ran Alhamis, zai ga akori-kura ta sha buhuna har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ga awaki a sama, ga mutane a kan awakin. Alhali abin da aka ƙera irin su Hilux su ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, watau buhun hatsi goma masu kilo 100, ko buhun siminti ashirin, kuma a cikin lissafin har da direba da yaron mota. Injin gas ba zai yi gardama ba, zai ja. Wannan shi ne haɗarinsa. Sifirin da birki da tayoyi da kuloci su ne za su biya bashin.

Duk da haka muna da namu jan: tankin ruwa mai tayoyi, da injin casar shinkafa, da injin kwaɓa siminti, da babban janareto, da kuma motar da ta mutu a hanya ba a sami janwe ba. Sabuwar Hilux mai gas an yarda ta ja har kilo 3,500, amma da sharaɗin abin da ake ja yana da birkin kansa. In ba shi da birki, iyakarsa kilo 750 ne. 'Yan aji biyar su yi lissafi: litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 2,000 ya zama tan biyu, ban da nauyin ƙarfensa. Mun taɓa ganin wannan da idonmu shekarun baya, a wata makaranta da muka koyar. Famfo ya lalace, aka ari tanki, aka ɗaura wa motar makaranta. Tafiya ta yi daɗi har aka iso wata 'yar gangara, akuya ta gitta, direba ya taka birki. Mota ta so tsayawa, tanki ya ƙi. Ya turo ta har ta juya ta ba hanya gefe. Ba wanda ya ji ciwo, amma tun ran nan direban, dattijo ne mai shekaru a kan sitiyari, ba ya yarda a cika tankin. Ya ce mana, "Malam, ja ba wuya, tsayawa ce aiki." Tanki rabi ma yana da tasa matsalar, gama ruwan yakan yi ta tangaɗi yana jijjiga mota, don haka sai tafiya a hankali. Kaya kuma a tirela a sa mafi nauyinsu gaba da tayoyinta kaɗan, domin in nauyi ya koma baya, sai ta fara kaɗa wutsiya.

Yanzu sai mu zo ga aljihu, inda labarin Nijeriya ya sha bamban da na sauran ƙasashe. Litar gas ta fi litar fetur ƙarfi da kimanin kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari, injin kuma ya fi iya tatsar ƙarfin, saboda haka motar gas takan sha ƙasa da ta fetur da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. A ƙasashe da yawa wannan ya isa hujja. A wurinmu kuwa gwamnati ta daɗe da sakin farashin gas, ta ci gaba da tallafa wa fetur. Wannan ne ya sa yawancin Hilux da muke gani a ma'aikatu masu shan fetur ne. A 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, litar gas ta tashi daga wajen naira 300 ta kai wajen 800, fetur kuwa yana ƙasa da 200 a farashin gwamnati. Mu ɗauka, a misali, motar fetur tana shan lita 13 a kilomita 100, ta gas tana shan 10. A naira 185, mai fetur zai kashe 2,405. A naira 800, mai gas zai kashe 8,000. Masu motocin gas da masu injin niƙa sun sha wuya a shekarar nan, wasu sun jingine sana'ar. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, a 2024 kuma matatar Ɗangote ta fara sayar da gas. Zuwa ƙarshen 2024 fetur ya haura naira 1,000, gas yana wajen 1,400. A sake lissafin da 1,100 da 1,400: mai fetur 14,300, mai gas 14,000. Mota ba ta canja ba, hanya ba ta canja ba, amma amsa ta juye. Don haka duk mai niyyar saye ya tambayi farashin ranar a gidan mai, ya zauna da biro ya yi nasa lissafin.

Akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Fetur yana tururi mai kama wuta ko da sanyin hunturu, gas kuwa sai ya yi zafi fiye da digiri 50 kafin tururinsa ya kama. Bayan abin da ya faru a Majiya cikin Oktoba 2024, inda tankar fetur ta faɗi ta kama wuta, mutum fiye da 150 suka rasu, ba mai bukatar a yi masa dogon bayani a Jigawa. A ɗaya gefen kuma hayaƙin gas ba abin wasa ba ne. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da suke haddasa ciwon daji na huhu. Ɗalibai masu son zama a bayan mota kusa da salansa su ji wannan.

To, me yake kashe injin gas, tun da mun ce yana da rai bakwai? Na farko mugun mai. Famfo da nozul an ƙera su ne daidai wa daida, ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ya isa ya ɓata su. Gas da aka gauraya da kananzir ya rasa maiƙonsa, sai famfo ya riƙa cin kansa. Mun san wanda ya sayi galan biyu a bakin hanya don ragin 'yan nairori, ya ƙare da sayen famfo. Araha ba ta ado. Sababbin injuna sun fi tsofaffi tsantseni nesa, domin suna fesa mai da matsin da ya kai ninki dubu biyu na iskar da muke shaƙa, kwamfuta ce kuma take sarrafa su. Waɗanda aka ƙera don Turai an yi su ne don gas mai tsabta ƙwarai, wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali shekaru da yawa dokarmu ta yarda da har 3,000. Irin wannan mota in an shigo da ita ta hannu, matatar hayaƙinta takan toshe, ta ƙi gudu, a rasa mai gyara sai an kai ta Kano. Na biyu ƙura. Injin gas mazuƙin iska ne, da hunturu kuwa iskarmu rabinta gari ne. Matatar iska in ta yage, ƙura za ta shiga ta goge silinda kamar sanfefa. Na uku zafi: lagireto ya toshe, direba ya ƙi duba allura, kan inji ya tsage. Sai baƙin mai, wanda a tsofaffin injuna ake juye shi duk kilomita 5,000. Injunan Toyota irin su 5L suna da bel na cikin inji da ake canjawa a kilomita 100,000. In ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul, gyaran kuwa ya ninka kuɗin bel sau da yawa. Mai tabo kuma, bayan doguwar tafiya da kaya, a bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin a kashe.

Ga amsar da muka aika wa mahaifin ɗalibarmu. Tsohuwar ta riƙe kuɗinta ne domin masu saye sun san sauran aikin da yake jikinta, da sauƙin gyaranta, da samuwar kayanta. Amma ba kowace tsohuwa ba ce haka, kuma lambar kilomita da take gaban direba ba shaida ba ce, ana juya ta baya. Muka ce ya tafi da bakaniken da ya san gas, ba na fetur ba, su je da sassafe kafin a ɗumama injin, gama injin da ya gaji a sanyi yake tona kansa. Su dubi hayaƙi: baƙi yana nuna mai ya fi iska yawa, sau da yawa matata ce ko nozul, wannan mai gyaruwa ne, shuɗi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai, fari mai yawa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana iya zama ruwa ne yake shiga. Su buɗe murfin zuba baƙin mai inji yana aiki, in yana huci kamar tukunyar dambu, ya kusa sauka. Su kwanta a ƙasa su bi shasi da ido daga gaba har baya, ko an taɓa yi masa walda.

Muka kuma tambaye shi irin aikin da zai yi. In jigilar cikin gari ce, daga kasuwa zuwa unguwa, gajeren zango da kaya marasa nauyi, ta fetur ta ishe shi, gyaranta ya fi araha, injin gas ma ba ya son a yi ta kunna shi ana kashewa. In kuwa kullum zai shiga ƙauyukan Jahun da Kafin Hausa ya kwaso riɗi da shinkafa, ya yi doguwar tafiya cikin yashi, to ta gas ce tasa, muddin zai ware kuɗin matata da baƙin mai tun kafin ya ƙirga riba.

Da aka dawo hutu ɗalibar ta ce sun je da bakanike kamar yadda muka faɗa. Mai gas ɗin da aka nuna musu ta yi shuɗin hayaƙi da safe, a ƙarƙashinta kuma an sami walda a wuri biyu. Ba su saya ba. Kuɗin yana banki, baban kuma ya sa a nemo masa wata bayan an gama girbi.